Toskana ko Andalus: Inda Mai Son Zane da Gine-ginen Tarihi Zai Kai Hutun Mako Guda

Wanda ya samu hutun kwana bakwai ko takwas, ya kuma ƙuduri aniyar ƙarar da shi wajen kallon zane-zane da gine-ginen da mutanen dauri suka bari a kudancin Turai, yakan iske sunaye biyu suna ta dawo masa: Toskana a tsakiyar Italiya, da Andalus a kudancin Sifaniya. Bizar Shengen guda ɗaya tana shigar da mutum duka biyun, kuɗin da ake kashewa a cikinsu ɗaya ne, wato Yuro, kuma wannan ne yake ruɗin wasu su raba makon gida biyu, kwana uku a nan, kwana uku a can, su dawo da ciwon ƙafa da tarin hotunan da ba sa tuna inda suka ɗauke su. Taura biyu ba ta taunuwa. Zaɓen ɗaya ya zama tilas, kuma yana sauƙaƙa da zarar an lura cewa abin da tarihi ya bar wa kowane yanki ya sha bamban tun daga tushe. Toskana ta riƙe da yawa daga abin da aka yi mata, har da wanda ake iya ɗauka a hannu, allunan zane da mutum-mutumin marmara, ta tara su a ɗakuna. Andalus kuwa an kwashe mata yawancin abin da ke ɗaukuwa, aka bar mata bango da rufi da ruwa mai gudu a tsakar gida.

Dalilin da ya sa Toskana ta riƙe nata a rubuce yake. Gidan Medici, attajiran da suka fara da harkar banki suka ƙare da sarautar Filorens, babban birnin Toskana, sun shafe kusan shekara 300 suna sayen zane da sassaƙa, suna kuma ɗaukar nauyin masu yin su. Da zuri’ar ta zo ƙarewa, mace ta ƙarshe a gidan, Anna Maria Luisa, ta sa hannu a 1737 kan yarjejeniya da gidan Lorraine da ya gaji sarautar, ta miƙa musu dukiyar baki ɗaya bisa sharaɗin cewa ba za a fitar da komai daga babban birnin da ƙasar Toskana ba. Albarkacin wannan sharaɗi ne mai ziyara yake tarar da kayan a inda aka tara su, a ginin Uffizi da Giorgio Vasari ya fara a 1560 domin ya zama ofisoshin gwamnatin Cosimo na Ɗaya. Ma’anar sunan ma ke nan, ofisoshi.

Abin da Uffizi ya ƙware a kai shi ne nuna wa ido yadda zane ya yi ta sauyawa daga hannu zuwa hannu. Kusa da farkon zagaye akwai ɗaki guda da aka kafa manyan alluna uku, kowanne ya haura mita uku a tsaye, kuma abu ɗaya aka zana a dukansu: Nana Maryamu a kan karaga riƙe da jaririnta, mala’iku sun kewaye ta. Na Duccio an ba da aikinsa a 1285, na Cimabue na kusan wannan lokaci ne, na Giotto kuwa ya biyo baya wajen 1310. A alluna biyun farko jikin matar a shafe yake, kamar an shimfiɗa ƙyalle a kan zinare, kuma an jera mala’ikun ɗaya bisa ɗaya tamkar ba su da nauyi. A na Giotto gwiwoyinta sun turo riga gaba, karagar tana da zurfin da mutum zai ce yana iya zura hannu a ciki, mala’iku biyu sun durƙusa a ƙasa, na sahun gaba kuma sun tare fuskar na baya kamar yadda ake gani a taron jama’a. Shekara ashirin da ’yan kai ce tsakaninsu, amma da juya wuya kawai mutum zai ga inda zanen Turai ya sauya hanya.

Daga nan zagayen yana bi ta wajen Botticelli, inda zanensa na haihuwar Venus da wanda ake kira Primavera suke tara cunkoson da sai an yi haƙuri kafin a kai gaba. Kafin a isa can, wanda ya san harafin Larabci ya tsaya a gaban allon da Gentile da Fabriano ya gama a 1423, ya dubi da’irar zinare da ke bayan kan Maryamu. An zagaye ta da rubutu mai kama da Larabci, alif da lam suna ta maimaituwa, amma ba ya karantuwa, domin mai zanen kwaikwayonsa ya yi daga tasoshin tagulla da yadudduka da fatake suke kawowa daga Masar da Sham.

Gidan Accademia kusan saboda abu ɗaya ake zuwansa, mutum-mutumin da ake kira David, wanda Mikelanjelo ya sassaƙa daga dunƙulen marmara guda tsakanin 1501 da 1504. Tsayinsa ya ɗara mita biyar, ya kuma daɗe a tsaye a dandalin gaban fadar gwamnatin birnin kafin a shigar da shi ciki a 1873. Wanda ake gani a dandalin yanzu kwafi ne. A ganina, mutum-mutumi huɗun da ke kan hanyar zuwa gare shi, waɗanda Mikelanjelo ya bari bai gama ba, sun fi shi koyar da mai kallo, domin a jikinsu ana ganin sawun ƙarfen sassaƙa layi-layi, kafaɗa ta fito sumul, kai kuwa har yanzu yana nutse cikin dutse. Sa’a ɗaya ta ishi wannan gida. Ƙubbar babbar majami’ar birnin, wadda Filippo Brunelleschi ya ɗora tsakanin 1420 da 1436, ita kuma sai mai ƙarfin gwiwa, domin matakala 463 ne zuwa ƙololuwa kuma babu lifta.

Aibin wannan yalwa shi ne ido yana ƙoshi kamar yadda ciki yake ƙoshi. Bayan sa’a uku a Uffizi, zanen da aka sha doguwar tafiya dominsa yakan koma kamar ado a bangon otal, mutum yana wucewa yana waigen benci. Maganin wannan yana cikin Toskana ɗin kanta, a wuraren da aka yi zanen a jikin bango. Yadda ake yinsa shi ne a yaɓa ɗanyen shafe na farar ƙasa gwargwadon abin da mai zane zai iya gamawa a yini guda, ya sa launi tun shafen bai bushe ba, launin ya shige ya zama jiki ɗaya da bangon. Wanda ya matsa kusa yana iya ganin gaɓar da aikin yau ya haɗu da na jiya. A tsohon gidan masu zuhudu na San Marco da ke Filorens, Fra Angelico da almajiransa sun yi wa ƙananan ɗakunan kwana fiye da 40 irin wannan zane wajen 1440, kowane ɗaki da nasa guda ɗaya kusa da ’yar taga, domin mai ɗakin shi kaɗai. Leƙa su ɗaya bayan ɗaya yana dawo wa ido da marmarin da Uffizi ya kashe.

Siyena tana da nisan sa’a ɗaya da ’yan mintuna a bas daga Filorens, kuma a fadar gwamnatinta akwai ɗakin da ya fi kowane wuri a yankin dacewa da wanda zanen coci bai dame shi ba. Majalisar mutum tara da ke mulkin birnin ce ta sa Ambrogio Lorenzetti ya zana mata, a 1338 zuwa 1339, sakamakon mulkin adalci da na zalunci a bangon ɗakin da take zama. A bango guda ga birni yana harkarsa: mai ɗinkin takalma a rumfarsa, malami yana karantar da ɗalibai, magina a kan rufi, masu rawa a dandali, bayan ganuwa kuma manoma suna shuka da girbi, fatake suna shigowa da dabbobi ɗauke da kaya. A bangon da ke fuskantarsa ga azzalumin sarki mai ƙaho, an ɗaure Adalci an yasar a gabansa, gidaje suna rushewa, ƙauyuka suna ci da wuta, kuma maƙerin makamai ne kaɗai yake da aiki. Ba a cika shekara goma da gama aikin ba annobar 1348 ta faɗa wa birnin, ana kuma kyautata zaton mai zanen yana cikin waɗanda ta kashe.

Wanda ya yi hayar mota ta kwana ɗaya yana iya bin sawun mai zane Piero della Francesca a gabashin yankin, daga majami’ar San Francesco a Arezzo, inda ake shigar da mutane rukuni-rukuni na ƙayyadadden lokaci, zuwa mahaifarsa Sansepolcro, inda babban aikinsa yake a bangon tsohon zauren majalisar gari, sannan ƙauyen Monterchi, inda aka keɓe tsohuwar makaranta domin zane ɗaya tak. Ga mai son zane da gaske kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ga waninsa Arezzo kaɗai ta wadatar, kuma jirgin ƙasa yana kai shi cikin sa’a guda.

Labarin Andalus ya bi wata hanya daban. Daular Musulmi da ta yi kayan ta faɗi, waɗanda suka zo bayanta kuma ba su ɗauki kansu magadanta ba, sai ƙananan kayan fada suka watsu. Ɗan akwatin hauren giwa da aka sassaƙa a 968 domin Almugira, ɗan halifa Abdurrahman na Uku, yana gidan Louvre a Paris, wani akwatin irinsa na 964 kuma yana Madrid. Zamanin Kirista ma bai tsira ba. A Ishbiliya, wadda masu kallon ƙwallo suka fi sani da Sevilla, aka haifi mai zane Velázquez a 1599, amma mai son ganin manyan ayyukansa sai ya je gidan Prado a Madrid. Kuma da sojojin Faransa suka mamaye birnin a 1810, kwamandansu Soult ya kwashe zanen Murillo da dama, wasu ba su dawo ba har yau, kwafinsu ne ke rataye a gurbinsu. Don haka wanda ya je Andalus yana neman irin Uffizi zai dawo yana ƙorafi. Abin zuwa nema a can gini ne da ake shiga cikinsa a yi tafiya.

Babban masallacin Kurɗuba, garin da ake jingina malamin tafsiri Alƙurɗubi gare shi, Abdurrahman na Ɗaya ne ya aza harsashinsa wajen 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har zuwa ƙarin da Almansur ya yi wajen 987. Maginan farko sun samu ginshiƙan marmara daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka biyo bayansu, amma gajeru ne, ba za su ɗaga rufi yadda ake so ba, sai suka ɗora bakan gizo a kan bakan gizo, hawa biyu, suna sirka jan bulo da farin dutse. Ginshiƙan da suka rage sun kai kimanin 850, kuma duk inda mutum ya tsaya sai ya ga sahu-sahu suna miƙewa ta kowace fuska har su ɓace cikin duhu-duhu. Hoto ba ya kama wannan, domin sai ana tafiya ne sahun yake buɗewa yana rufewa a gaban ido. Mihrabin da halifa Alhakam na Biyu ya gina bayan 961 an lulluɓe shi da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launin zinare da shuɗi, ayoyi a rubutun Kufi sun zagaye shi, kuma marubutan tarihi na Larabawa sun ruwaito cewa daga Kustantiniya aka aiko da gwanin da ya jagoranci aikin. An mayar da ginin majami’a a 1236, sannan daga 1523 aka fasa tsakiyarsa aka dasa wata mai dogon rufi. Ya kamata mai ziyara ya sani tun kafin ya shiga cewa wurin yana hannun cocin Katolika ne, ana ibadar Kirista a cikinsa, kuma ba a barin a yi salla.

Kilomita takwas yamma da birnin akwai kufan Madinatuz Zahra, birnin fada da Abdurrahman na Uku ya fara ginawa wajen 936, bayan ya ɗauki laƙabin halifa a 929. Bai cika shekara 80 ba aka wawashe shi a yaƙin basasar da ya ɓarke a 1009, ya koma wurin ɗibar dutse, sai a 1911 aka fara tono shi. A fara shiga gidan adana kayan tarihi da ke gindin tudun kafin a hau, in ba haka ba guntayen bango kawai za a gani.

Garnaɗa ce take sa yawancin mutane zaɓen Andalus. Fadar Alhambra ta sarakunan Banu Nasr ce, daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar, wadda ta zauna a birnin daga 1238 zuwa ranar 2 ga Janairu 1492, kuma mafi kyawun sassanta na ƙarni na 14 ne, zamanin Yusuf na Ɗaya da ɗansa Muhammadu na Biyar. Kayan aikin ba masu tsada ba ne: filasta da aka sassaƙa ko aka zuba a mazubi, katako, tayil, sai marmara a ginshiƙai da daɓe. Hannu ne ya yi tsada. A zauren karɓar jakadu, bango yana farawa da tayil masu launi da aka yayyanka aka haɗa taurari da su, daga bisansu sassaƙar filasta ta ɗauka, ganye da reshe da rubutu sun sarƙe da juna, can sama kuma rufin katako ne da aka haɗa daga gutsattsari fiye da 8,000, an jera taurarinsa hawa bakwai. A gindin rufin an zagaye ɗakin da Suratul Mulk, wadda ta ambaci sammai bakwai hawa-hawa, saboda haka wanda ya karanta bangon ya riga ya san abin da rufin yake nufi tun ɗan jagora bai buɗe baki ba. Taken gidan sarautar, “Wa la galiba illallah”, ya maimaitu a bango ba adadi. A farfajiyar zakuna ginshiƙai sirara 124 sun kewaye babbar tasa ta marmara da zakuna 12 suke ɗauke da ita, ruwa yana bin magudanai huɗu tsakaninta da ɗakunan da ke gefe, a leɓen tasar kuma an sassaƙa baitocin Ibn Zamrak, waziri kuma mawaƙin fada, suna siffanta ruwan da ke zuba a cikinta.

A nan ne bambancin da ya fi shafar mai zaɓe yake fitowa, domin kowane yanki yana da abin da yake son mai kallo ya zo da shi a kansa. Zanen Toskana kusan duk labaran Baibul ne da na waliyyan Kirista da tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Wanda bai san su ba zai ga kyau da gwaninta, amma zai yi ta ganin mace da mala’ika, mace da jariri, mutum a kan gicciye, har abin ya gundure shi, sai fa idan ya yi karatu kafin tafiya ko ya ɗauki ɗan jagora. Wanda ya iya karanta Larabci kuwa, ko da na allo ne, bangon Alhambra da kansa zai yi masa jagora, ya karanta abin da mafi yawan masu ziyara suke ɗauka ado ne kawai. Akwai kuma batun da bai kamata a ɓoye ba: gidajen Filorens, har da dandalinta, cike suke da mutum-mutumi da zanen tsiraici da surar annabawa, kuma wanda wannan zai takura shi ba shi da hanyar kauce masa. A Andalus ana iya cika mako da gini da zayyana da lambu, ko da yake majami’unta suna da nasu hotunan, har Alhambra ma tana da zaure guda da aka zana mutane a rufinsa a kan fata.

Ishbiliya tana cin kwana biyu cur. Hasumiyar Giralda ta masallacin daular Muwahhidun ce, an gina ta daga 1184 zuwa 1198, aka ɗora mata ɗakin ƙararrawa a ƙarni na 16, kuma hawanta ya fi na ƙubbar Filorens sauƙi nesa ba kusa ba, domin gangara ce take zagayawa a ciki a maimakon matakala. Fadar Alcázar da ke kusa da ita sarki Pedro na Ɗaya, Kirista, shi ya gina sashenta mafi kyau daga 1364 da magina Musulmi, wasunsu daga Garnaɗa, kuma a bangonta akwai rubutun Larabci da ke yi masa addu’a da laƙabin sultan. Gidan zane-zanen birnin yana da ayyukan Murillo da Zurbarán masu kyau, yana kuma da sarari da shirun da Uffizi ba ya samu ko da sanyin safiya. Malaga kuwa mahaifar Pikaso ce, an haife shi a can a 1881, kuma gidan da aka buɗe da sunansa a 2003 yana da ayyuka fiye da 200 da iyalinsa suka bayar, sai dai shahararrun ayyukansa suna wasu biranen. Ya cancanci rabin yini ga wanda jirginsa zai tashi daga can, amma bai kai a tsara tafiya dominsa ba.

Ta fuskar zirga-zirga Toskana ta fi sauƙi. Faɗinta kimanin murabba’in kilomita 23,000 ne, na Andalus kuwa ya kai 87,000, kusan ninki huɗu. Mutum yana iya ajiye jakarsa a masauki ɗaya a Filorens har mako ya ƙare, yana fita Pisa ko Siyena ko Arezzo da safe ya dawo da yamma. A Andalus sai an sauya masauki aƙalla sau biyu. Jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum daga Ishbiliya zuwa Kurɗuba cikin kimanin minti 45, amma zuwa Garnaɗa sai an ba shi sa’a biyu da rabi ko fiye, kuma kowace ƙaura tana cin rabin yini idan aka haɗa da ɗaure kaya da neman masauki. Ga dattijo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yara kuwa sun fi jure Andalus duk da haka, domin farfajiya da lambu da kifi a tafki sun fi musu tsayuwa a dogon zaure ana hana su taɓa komai.

Watan da hutun ya faɗo yana iya yanke hukuncin shi kaɗai. A Yuli da Agusta zafin Kurɗuba da Ishbiliya yakan haura digiri 40, ga Madinatuz Zahra fili ne ba inuwa, Alhambra ma rabinta a waje take. Filorens tana zafi a waɗannan watanni, ga cunkoso, amma abin kallonta a cikin ɗaki yake. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu layukan Uffizi suna raguwa, Andalus kuma tana da rana mai daɗi, ban da Garnaɗa da ke gindin duwatsun Sierra Nevada, inda sanyin safiya yake ratsa ƙashi. Afrilu da Mayu da Oktoba sun dace da duka biyun, sai dai makon Ista yana sa masauki ya yi tsada ƙwarai a Ishbiliya.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓata tafiyar Andalus shi ne barin tikitin Alhambra sai an isa. Ana shiga fadojin Banu Nasr ne a lokacin da aka rubuta a tikiti, adadin masu shiga ƙayyadadde ne, tikitin na mai sunan ne kuma ana neman fasfo a ƙofa, wanda ya makara ya rasa, a watannin cunkoso kuma yakan ƙare makonni kafin ranar. Shi ya kamata a fara saya, daga shafin hukumar fadar kanta, sannan a tsara sauran kwanakin a kansa. A Filorens ma Uffizi da Accademia da hawan ƙubba suna son a kama lokaci tun da wuri, amma wanda ya rasa ɗaya a can yana da goma da zai maye gurbinsa da su, alhali wanda ya rasa Alhambra ba shi da madadi.

Da za a ce in yanke, ga yadda zan raba. Wanda yake son fahimtar zane a matsayin sana’a, yadda aka koyi nuna nesa da kusa a kan allo da yadda ake fitar da jiki daga dutse, ko shi kansa mai zane ne ko ɗalibin fasaha, Toskana ce tasa. Haka ma wanda ba ya son ɗaure kaya kowane kwana biyu, ko hutunsa ya faɗo tsakiyar zafi. Wanda kuwa wannan ce fitarsa ta farko domin kallon fasaha, bai saba tsayuwar sa’o’i a gaban allo ba, ko zuciyarsa ta fi karkata ga gini da rubutu da zayyana, Andalus ta fi masa. Ita nake fara nuna wa irin wannan mutum, domin ba sai ya koyi komai ba kafin ta shiga ransa, kuma ƙoshin idon da ake yi a gidan zane bai cika samun mutum a tsakar gida mai ruwa da itatuwan lemo ba.

Ko wanne aka zaɓa, a lura da ranar Litinin, domin Uffizi da Accademia a rufe suke, haka ma gidan zanen Ishbiliya da Madinatuz Zahra. A Andalus ranar ta dace da masallacin Kurɗuba ko fadar Alhambra, waɗanda suke buɗe. A Toskana a ba ta Pisa, kuma bayan an gama da hasumiyar nan da ta karkata, a shiga gidan adana kayan babbar majami’ar da ke gefenta, a nemi wata dabbar tagulla mai ƙafa huɗu da kai da fikafikan tsuntsu, wadda tsayinta ya ɗan ɗara mita ɗaya, rubutun Kufi na fatan alheri ga mai ita ya zagaye jikinta. Maƙeran Musulmi ne suka zuba ta wajen ƙarni na 11, masana da yawa suna ganin a Andalus, ta kuma shafe ɗaruruwan shekaru a kan rufin majami’ar kafin a sauko da ita a 1828. Wadda ake hangowa a kan rufin yanzu kwafi ce; ta ainihin tana ciki, inda za a iya matsawa kusa a karanta rubutun.